Bangon Gabas na Gidan Ƙiraga

Dabo magini ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, kuma duk wanda ya ce maka yana da daɗi a Illela, to bai taɓa ba shi aiki ba. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. In ka gaishe shi sai ya amsa da ka, in ka tambaye shi yadda ya ga ginin wani sai ya tofar da yawu tukuna. Kafin ya yarda da ƙasa sai ya murza ta ya ɗanɗana a harshe, in ba ta yi masa ba a mai da jakuna ko daga ina suka fito. Ya taɓa sauka daga kan bangon wani attajiri ya tafi gida saboda an ce masa ya yi sauri, aka kwana uku ana ba shi haƙuri. Amma rabin zaurukan tsohuwar unguwa daga hannunsa suka fito, har Tozai da Darna ana zuwa ɗaukarsa, kuma ba a taɓa jin bangon Dabo ya faɗi ba. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka. Ba gonar kirki, ba saniya, ga shi tun da bulo da siminti suka shigo gari aikin ƙasa ya ja baya. Sunan dai ya rage masa, ba ya kuwa wasa da shi.

Akwai wani abu da yake yi wanda ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. A bakin hanyar Ƙonni akwai wani tsohon gini da ake kira Gidan Ƙiraga, inda wani kamfanin Turawa ke sayen fatu a zamanin da. Dogon ɗaki ne guda, bangon ƙasa, rufin kwano, da fili a bayansa. Kamfanin ya tattara ya tafi tuntuni, ya bar wa jemagu da awaki. To duk shekara, da zarar bazara ta kama, sai a ga Dabo ya koro jakinsa da ƙasa, ya kwaɓa ta da ramno, wato busasshiyar ciyawar gini, ya kafa tsani, ya yaɓe bangon gabas na gidan nan tun daga sama har ƙasa, ya bi shi da makuba don kada ruwa ya ci shi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu. Sauran bangaye ukun ko kallonsu ba ya yi. Wasu suka ce ƙaunar aikin ubansa ce, tun da marigayi Yari ne ya gina gidan. Wasu suka ce ai daga gabas ruwa ke bugowa, mutumin ya san aikinsa. Masu baƙin baki suka ce aljanun gidan ne suka sa shi bauta. Duk cikinsu ba wanda ya canka.

Yana da shekara ashirin lokacin da aka yi ginin. Yari ya haƙa harsashin kusurwoyi huɗu da kansa, sai aka yi rasuwa a Tozai ya tafi, ya bar wa ɗansa haƙan gabas. Ƙa'idar gidansu ɗaya ce, ana haƙa har sai an tarar da jar ƙasa mai tauri, ko da ramin zai kai wuya. Dabo ya kama haƙa, a tsakiyar layin sai ya faɗa kan toka da ƙasusuwa da fasassun tukwane. Tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Kamata ya yi ya tsaya ya jira ubansa. Amma akawun kamfani na tsaye a kansa yana duba agogo, ga shi a lokacin yana neman auren Ummu, yana so gari ya ɗauka cewa ɗan Yari ya tashi bango shi kaɗai. Ya danne tokar da ƙafa, ya jera tubali a kai. Da Yari ya dawo ya ga bango ya kai ƙirji, sai ya dafa kafaɗarsa a gaban leburori ya ce ga magajinsa nan.

Damina ta biyu bangon ya tsage a tsakiya. Yari ya tsaya ya dube shi, ya tona gindin da yatsa, ya shinshina ƙasar, sannan ya dubi ɗansa. Bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya cusa guntayen azara a tsagar, ya yaɓe, bai sake ta da maganar ba sai a ciwon ajalinsa, inda ya jawo shi kusa ya ce, "Gabas na wuyanka." Rufin kwano ba shi da nauyi, saboda haka bangon ya ci gaba da tsayuwa, tsagar na ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin yaɓe. Dabo ya tsani gidan nan, ya tsani warin fatar da har yau bai gama fita daga cikinsa ba, amma bai taɓa tsallake shekara ba.

A 1984 gwamnatin soja ta rufe kan iyaka. Illela kuwa kan iyaka ce cinta da shanta. 'Yan canji suka zauna suna korar ƙuda a kan tabarmi, manyan motoci suka yi layi ba kaya, ga damina ta yi gardama. Alhaji Maccido, wani ɗan kasuwa da ya saba kai atamfa Ƙonni ya dawo da wake da dabbobi, ya ga in ya zauna jiran a buɗe hanya zai karye. Sai ya sayi Gidan Ƙiraga, ya ce zai mai da shi masana'antar garmar shanu da amalanke, ya tara maƙeran gari da masu walda wuri ɗaya. Ya ɗauko wani mai zanen gine-gine daga Sakkwato, Atiku, ɗan gidan ma'aikata, wanda ya yi karatunsa a Zariya. Kowa ya ɗauka ɗan boko zai ce a rushe ƙasa a zuba bulo. Dabo ma haka ya ɗauka, har ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe yana da rabon ganin ranar da katafila za ta binne masa asirinsa. Sai Atiku ya zagaya gidan sau uku, ya shafa bango, ya ce ko tubali ɗaya ba za a taɓa ba.

Ya zo har ƙofar gidan Dabo da hantsi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, abin da ya ƙara ba Dabo haushi, don shi ya fi iya mu'amala da marar kunya. Ya warware takarda a kan tabarma ya danne gefunanta da duwatsu. Ya nuna inda maƙera za su zauna a cikin dogon ɗakin, a ƙasa yadda suka saba, ba za a zuba siminti ba don su samu wurin kafa uwar maƙera. Ya nuna filin masu walda, da famfon da za a fito da shi waje don matan unguwa su riƙa ɗiban ruwa, da rumfar da manoma za su zauna su jira a gyara musu garma. Ya ce bangon ƙasa ya fi bulo sanyi ga mai wuni kusa da wuta. Gaskiya ne, kuma Dabo ya san haka tun ba a haifi mai faɗin ba. Sannan ya ɗora yatsa a gefen gabas.

"Nan za mu aza bene, Baba, ofishin Alhaji. Na auna bangayen dut, na gabas ya hi sauran kauri da taƙi guda har da ɗoriya. Ban taɓa ganin bango irinai ba. Shi za ya ɗauki ƙarahunan benen."

Dabo ya dubi inda yatsan ya sauka. Kaurin nan yaɓensa ne na shekara talatin, ɓawo ne kawai a kan rami. Da hannunsa ya yi wa bangon kwalliyar da ta jawo masa bene. Ya tambaya su wa za su zauna a ƙarƙashi, Atiku ya ce maƙera, mutum talatin in an cika.

"Rushe shi," in ji Dabo.

"Mi kac ce, Baba?"

"Nic ce ka rushe shi. Naɗe takardakka ka tashi mani ga tabarma."

Daga ranar Dabo ya ɗaura yaƙi da aikin. Ya je wurin Alhaji Maccido ya ce ginin ya tsufa, gara ta cinye shi. Aka duba, ba gara. Ya ce dukan guduma zai girgiza shi, Atiku ya kawo maƙera biyar suka wuni suna dukan ƙarfe a ciki, ko ɓarɓashi bai zubo ba. Har maganar aljanu ya ara, shi da bai taɓa yarda da ita ba, Alhaji ya sa malamai suka yi sauka a wurin, aka ci tuwo aka watse. Ya faɗi komai ban da gaskiya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne abokin yaƙin da ya samu. Hamidu mai bulo, wanda ya taɓa cewa a tasha ginin ƙasa sai kaji, shi ne yanzu ke bin sa yana cewa Baba ya faɗi gaskiya, don ya san in an rushe, shi za a kira ya zuba sabo.

Atiku ba wawa ba ne. Da surutu ya yi yawa ya sa aka tona gindin bangon gabas a kusurwar arewa da ta kudu. Aka tarar da jar ƙasa kamar dutse, aikin Yari, tsaf. Ya tara mutane ya nuna musu, ya yabi maginan da, ya ce Baba Dabo bai san darajar abin da gidansu ya yi ba. Tsakiyar ce bai tona ba, don wa zai yi zaton wanda ya yi kusurwa haka zai yi wasa da tsakiya? Gari ya yanke hukunci cewa hassada ce ke cin tsoho, ba ya so a ce wani ya taɓa ginin ubansa. Dabo ya tare Atiku a bakin kasuwa ya kira shi ɗan takarda wanda bai taɓa cuɗa ƙasa da ƙafarsa ba. Atiku, da ladabinsa ya ƙare, ya ce masa a gaban mutane ya gaji da rigimar tsohon da ba shi da hujja sai baƙin rai. Kashegari aka kewaye wurin da waya, aka sa maigadi, aka ce kada a bar Dabo ya shiga.

Da bazara ta kama ya koro jakinsa kamar kullum. Maigadi ya tare shi a ƙofa ya ce ya koma, ba a bukatar yaɓe, ranar Lahadi ƙarafan bene za su iso. Ya dawo gida da azahar, ya sauke ƙasar a tsakar gida, ya zauna ya ƙi cin abinci. Ummu ta shekara talatin tana jiƙa masa makuba ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce masa mijin 'yarsu Hindatu, wanda maƙeri ne, ya samu wuri a masana'antar, har an nuna masa inda zai kafa maƙerarsa, a jikin bangon gabas.

"Ni ban san abin da kab binne can ba, Malam, ban ko son sani. Amma ɗiyata na da goyo."

Ya daka mata tsawa ya ce ta ji da tankaɗenta ta bar maza da gini. Ta ci gaba da tankaɗe. Kwana uku bai fita ba, kuma kada a yi masa ƙaryar kirki, a cikin kwana ukun nan ya yi tunanin yin shiru. Wataƙila bangon ya ɗauki benen shekara biyu, wataƙila biyar, wataƙila shi ya riga bangon kwantawa da sunansa a wanke. In kuwa ya faɗi, ai sunan Atiku ne a takarda, kuma ya tsani Atiku har yana jin daɗin wannan tunanin. Amma Dabo magini ne. Ya san nauyin ƙarfe, ya san yadda toka ke yi in ta sha ruwa, ya san ba za a kai damina ta biyu ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, da hantsi motar ƙarafa ta iso daga Sakkwato. Alhaji Maccido na nan da babbar riga, maƙera sun taru, Hamidu ya zo kallo, masu wucewa kasuwa sun tsaitsaya. Sai ga Dabo da diga a kafaɗa. Maigadi ya sha gabansa, ya ture shi da gwiwar hannu ya wuce. Ya ƙirga taku goma sha ɗaya daga kusurwar arewa, ya ɗaga diga ya sari bangon. Atiku ya ce a riƙe shi, tsohon ya zautu. Ba wanda ya matsa, don ba a matsa wa mai diga. Yaɓen ya riƙa ɓarewa fala-fala kamar albasa, na bara, na bara waccan, yana tafiya baya har ya kai ga wanda ubansa ya yi, da sawun yatsunsa a jiki. Ya ɗan tsaya a nan, sannan ya fasa shi.

Tsagar ta fito tun daga ƙasa har rufi. Dabo ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro ruɓaɓɓiyar azara ya jefa a gaban Atiku. Ya tona gindin, ya ɗebo toka da ƙashin akuya da ɓallin tukunya, ya zuba masa a kan takalmi. Atiku ya durƙusa ya zura nasa hannun, da ya miƙe fuskarsa ta sauya. Ya dubi ƙarafan da ke kan mota, ya dubi maƙeran.

Hamidu ne ya fara samun baki. "Ashe Yari maha'inci na. Ya ci amanak kamfani, ya ci ta gari."

Ga ƙofa ta buɗe wa Dabo a faɗi. Yari ya shekara ashirin a kabari, ba zai tashi ya musa ba. In Dabo ya yi shiru, shi ne ɗan halak da ya rufa wa ubansa asiri shekara talatin, sannan ya ceci mutum talatin. Har wasu sun fara gyaɗa kai suna dubansa da tausayi. Ya ga ƙofar sarai, ya kuwa so ta.

"Kai Hamidu, bakinka ya yi kaɗan ga sunan Yari. Shi yay yi kusurwa. Tsakiya ni niy yi ta. Nig ga toka da idona, nid danne ta da ƙahwata, niz zuba tubali bisa. Shi bai sani ba sai da tat tsage."

Atiku ya juyo gare shi a fusace. "Wata huɗu, Baba. Wata huɗu kana kallona ina zana ma mutane kabari."

"Kai ad da takarda. Mi yah hana ta gani?"

Ya saɓa digarsa ya tafi. Ba wanda ya gode masa, kuma wanda ya san mutane ba zai yi mamaki ba. Waɗanda ya gina wa zauruka suka koma gida suna ƙwanƙwasa bango da sanda suna kasa kunne. Wani da ya kira shi aiki a Darna ya aiko ya ce an fasa. Alhaji Maccido ya daina amsa gaisuwarsa saboda watannin da ya ɓata masa. Mutumin da ake cewa ba a taɓa jin bangonsa ya faɗi ba ya koma wanda ya yi gini a kan toka, duk da har yau bangonsa bai faɗi ba. Aikin ginshiƙan da za su ɗauki benen kuwa Hamidu aka ba.

Atiku ya sake zane. Aka sauke bangon gabas zuwa ƙugu, aka haƙa ramuka har jar ƙasa, aka kafa ginshiƙai, benen ya hau kansu. Gefen gabas ya zama a buɗe, rumfa ta miƙe har bakin hanya, iska na ratsa maƙera, famfo na zuba a gefe. Wurin ya fi yadda aka zana da farko kyau, wannan ma wani abin haushi ne. Amma guntun bangon nan Atiku bai yarda a taɓa shi ba. Ya bar tsagar a buɗe, da yaɓen fala-fala a fili, ya ce gini ya kamata ya nuna abin da ya same shi. Ya sa aka ɗora katako a kai ya zama wurin zama. Manoma na zama suna jiran garma, mata na ajiye bokiti, mai shayi ya kafa teburinsa a kusa. Kafin kaka an sa masa suna Dakalin Dabo, kuma duk baƙon da ya zauna ya tambayi tsagar, ba a rasa mai ba shi labari da ƙari.

Kafin Atiku ya koma Sakkwato ya sake zuwa ƙofar gidan Dabo. Wannan karon bai tuɓe takalmi ba. Ya ce ya ƙirga yaɓen, talatin da ɗaya ne, bai san wani magini da zai iya haka ba, shi ya sa ya bar shi a gani. Ko girmamawa ce ko ramuwa, ba na jin shi kansa Atikun ya sani.

"Ka ruhe shi," in ji Dabo.

"Ba ni ruhewa, Baba. Kai kar ruhe shi shekara talatin, ka ga inda yak kusa kai mu."

Dabo ya tashi ya shige gida ya bar shi a tsaye. Ba su sake haɗuwa ba.

Aka buɗe kan iyaka a 1986, Illela ta farfaɗo, masana'antar ta tsaya da ƙafarta, garmarta har Nijar ake zuwa saye. Dabo bai sake bin hanyar Ƙonni ba. In za shi kasuwa sai ya zagaya ta bayan mahauta, tafiyar da ta ninka waccan, ga wari ga rana. Aikin da ya rage masa shi ne gyaran rumbu da ginin akurki, kuma ko akurkin sai ya haƙa har jar ƙasa, masu kajin na yi masa dariya. In bazara ta kama sai ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta faɗa da kowa a gida, daga ƙarshe ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe katangar gidansu da ba ta bukatar yaɓe. Ummu na jiƙa masa makuba kamar da.

Ya rasu a 1989, ana tsakiyar zafi. Hanyar maƙabarta daga gidansa ta gaban rumfar masana'antar take bi, kowa ta nan ake bi da shi. Da aka fito da makara, Ummu ta aiko daga cikin gida ta ce kada a bi da shi ta gabas. Wasu suka fara ƙunƙuni, suka ce ga rana, gawa kuma ba ta gani. Ana cikin haka maƙeran suka iso, su talatin, hannuwansu baƙi ƙirin da gawayi, ranar ba a ji ƙarar guduma a Gidan Ƙiraga ba. Ba su yi gardama da kowa ba. Mijin Hindatu ya sa kafaɗa a gaba, sauran suka karɓi makarar, suka juya da ita suka bi ta bayan mahauta.